Taswirar Taurari da Sunan da Ba a Faɗa

Kowane ƙagaggen labari gari ne da marubuci ya kafa da alƙalaminsa. Ya zuba masa mutane, ya ƙulla aure tsakanin wasu, ya jefa gaba tsakanin wasu, wasu kuma ya bar su suna giftawa ta gaban juna ba ko sallama. Mai karatu yakan shiga garin ta ƙofar shafin farko, ya bi lungunan da marubuci ya ga damar nuna masa, har ya fita ta ƙofar shafin ƙarshe. Abin da irin wannan karatu ba ya ba mutum shi ne damar tsayawa a bisa tudu ya hangi garin baki ɗaya, yadda wanda ya hau Dala yake hangen Kano, ya ga wace unguwa ce ta jingina da wace, wace hanya ce kuma kowa sai ya bi ta. Akwai wani reshen nazari da ya yi alkawarin ba da wannan hange, wanda zan kira shi nazarin saƙar hulɗa. Na ɗauki lokaci ina bibiyar abin da masana suka yi da shi a kan littattafan wasu al'ummu, na kuma gwada shi da hannuna a kan namu. Na same shi da amfani ƙwarai, na kuma same shi da wata makanta da ta shafe mu kai tsaye, domin mudun da yake auna kusanci da shi ba a gidan Bahaushe aka sassaƙa shi ba.

Hanyar ba ta da wuyar fahimta. Za ka sami farar takarda, ka ɗiga wa kowane tauraron labari ɗigo guda, ka rubuta sunansa a gefe. Duk inda taurari biyu suka yi hulɗa, sai ka ja zare daga wannan ɗigo zuwa wancan, in hulɗar ta maimaitu ka ƙara wa zaren kauri. Kafin ka kai ƙarshen littafi takardar ta zama taswira, taswira kuwa tana amsa tambayoyin da ƙwaƙwalwar mai karatu ba ta iya riƙewa a lokaci guda. Wane ne ya fi kowa yawan zare? Wane ne gada, wato wanda in aka cire shi wani ɓangaren labarin zai yanke daga wani? Unguwanni nawa mutanen littafin suka kasu, su wa ke zirga-zirga a tsakaninsu? In littafi ɗaya ne biro ya wadatar, in kuwa ɗari ne ko dubu, sai a ɗora wa kwamfuta aikin.

Tushen lissafin ya tsufa. A 1736 Leonhard Euler ya warware matsalar gadoji bakwai na birnin Königsberg ta hanyar watsar da siffar birnin, ya riƙe abu biyu kawai, yankunan ƙasa da gadojin da suka haɗa su, ya nuna babu yadda mutum zai ƙetare dukkansu sau ɗai-ɗai a tafiya guda. Wanda ya shahara da zana hulɗar mutane a wannan siffa kuwa shi ne Jacob Moreno. A 1932 'yan mata 14 suka gudu cikin mako biyu daga wata makarantar horo da ke Hudson a jihar New York ta Amurka. Moreno da abokiyar aikinsa Helen Jennings suka zana wace ce ke son zama da wace, suka nuna cewa gudun ya bi zaren shaƙuwar da ke tsakanin 'yan matan. Littafin da ya ƙunshi wannan bincike ya fito a 1934, shekarar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar suka fito sakamakon gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933. Ashe ƙagaggen labarin Hausa na boko da wannan ilimi tsara ne, sai dai kowanne ya girma a gidansu.

A fagen adabi, ɗaya daga cikin taswirorin da suka fi yawo a hannun masana ita ce wadda Donald Knuth ya haɗa bayananta a 1993 daga Les Misérables na Victor Hugo, marubucin Faransa. Taurari 77 ne da zare 254, an kuma ja zare ne in mutum biyu sun haɗu a babi ɗaya. Jean Valjean ya fito a tsakiya, abin da bai ba kowa mamaki ba. Mamakin ya zo a 2011, lokacin da Franco Moretti na Jami'ar Stanford ya zana wasan kwaikwayon Hamlet na Shakespeare, yana jan zare duk inda magana ta shiga tsakanin mutum biyu. Daga nan sai ya riƙa goge taurari ɗaya bayan ɗaya don ya ga abin da zai faru. Da ya goge sarki Claudius taswirar ba ta wani girgiza ba, domin mutanen fada sun san juna ko ba shi. Da ya goge Hamlet ta kusa rabewa biyu. Da ya ƙara da goge Horatio, abokin Hamlet wanda masu sharhi ba su cika tsayawa a kansa ba, sai ta wargaje, har farkon wasan da ƙarshensa suka rasa abin da ya haɗa su. Wato akwai mutumin da ba shi da sarauta, ba shi da dogon jawabi, amma shi ke riƙe da masu gadi da jakadu da 'yan saƙo, duk duniyar da ke wajen fada.

A 2010 David Elson da Nicholas Dames da Kathleen McKeown na Jami'ar Columbia sun sa kwamfuta ta tsamo hirarrakin da ke cikin ƙagaggun labarai 60 na Birtaniya na ƙarni na 19. Masu sharhi sun daɗe suna cewa labarin birni ya fi na ƙauye yawan mutane da raunin zumunci, amma alƙaluman ba su goyi bayan haka ba. Abin da ya fi sauya siffar taswira shi ne bakin da labarin ke fitowa: in tauraro ne ke faɗa da kansa, zaruruwa sukan taru a kansa, in kuwa marubuci ne daga gefe, sauran taurari sukan saƙu da juna. A 2016 kuma Andrew Beveridge da Jie Shan suka ɗauki A Storm of Swords na George R. R. Martin, suka ce duk sunaye biyu da suka faɗo tsakanin kalmomi 15 da juna akwai zare a tsakaninsu. Suka sami taurari 107 da zare 353, Tyrion ya fito a kan gaba. A lura da ƙa'idoji ukun nan: haɗuwa a babi ɗaya, musayar magana, kusantar suna da suna. Dukkansu sun tsaya a kan zato guda, cewa wanda ya fi kusa da kai shi ne wanda kuka fi zama tare, kuka fi magana, aka fi jin sunansa a gefen naka. Zan dawo kan wannan zato, bayan na faɗi alherin da na samu.

Na fara gwajina da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Taswirarsa ta fito kamar ƙafar keke, Alhaji Imam a tsakiya, wayoyi sun fita daga gare shi zuwa sarakuna da alƙalai da fatake da ɓarayi da aljannu, kusan babu wanda ya san wani a cikinsu sai ta hanyarsa. Zare ɗaya ne ya yi kauri, wanda ya haɗa shi da Malam Zurƙe, abokin hamayyar da ke ɓullowa gari bayan gari. Wannan ya dace da abin da su Elson suka gano game da labarin da tauraro ke bayarwa da bakinsa. Amma taswirar ta ƙara mini wani abu, ta nuna mini dalilin da ya sa dabarun Alhaji Imam suke ci. Wanda ya yi wa wayo a wannan gari ba shi da zaren da zai kai labari gari na gaba, saboda haka kullum sabo yake isa, babu wanda ya riga shi da sunansa. Zurƙe kaɗai ke ɗauke da tarihinsa daga zango zuwa zango, shi ya sa shi kaɗai ne ƙaya a ƙafarsa. Walwalar matafiyi ta dogara ne a kan rashin sanin juna na mutanen da ya bari a baya.

Littafi na biyu, Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ya ba ni taswira mai siffar tarun masunta, kowane ƙulli ɗaure da na kusa da shi. Rabi tana da 'ya'ya tara da Alhaji Abdu. Ya auro Delu, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yan, ta riƙe su da sayar da abinci har 'yarta Saudatu ta auri Alhaji Abubakar, sannan gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, asirin Delu ya tonu, aka dawo ana matsa wa Rabi ta karɓi mutumin da ya wulaƙanta ta. Na daɗe ina jin ɗacin wannan ƙarshe. Da na zana taswirar sai na bi dabarar Moretti, na goge zaren auren da ke tsakanin Rabi da Alhaji Abdu, na duba abin da ya rage. Hanya tara ce ta rage mai taku biyu, kowane ɗa hanya guda, ban da suruki da dangi da kowannensu ke da ƙafa a nan da ƙafa a can. Bahaushe da kansa igiya yake kiran aure, saki kuwa wannan igiyar kaɗai yake tsinkewa, ba ya taɓa sauran saƙar. Ɗacin bai gushe ba, amma na ga ƙarfin da ya ja Rabi baya da idona, na kuma fahimci cewa marubuciyar ta san nauyin tarun da ta jefa tauraruwarta a ciki.

Alheri na uku shi ne ɗaga darajar ƙananan taurari. A 1977 Linton Freeman ya tsara ma'aunin da ke ƙirga sau nawa mutum yake faɗowa a kan gajeruwar hanyar da ta haɗa wasu mutum biyu, kafinsa kuma, a 1973, Mark Granovetter ya nuna cewa sabon labari, kamar na samun aiki, ya fi zuwa wa mutum daga idon sani fiye da daga aminai, domin aminai abin da ka sani shi suka sani. Duk wanda ya karanta littattafan soyayya da suka cika kasuwannin Kano tun daga ƙarshen shekarun 1980 ya san su wa za su ci wannan ma'auni. Ƙanwa ce da ke ɓoye wasiƙa a cikin littafin makaranta, da yaron da ake aikawa cikin gida ya ce wai ana sallama da wance, da ƙawar da ke kai gulma gidan kishiya, da dillaliyar da ke shiga kowane gida da ƙunshin atamfa ta fito da ƙunshin labari. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda yara suke zama ƙafafun matan kulle a ciniki da aike, marubutanmu kuma sun gina labaransu a kan wannan gaskiya ko sun lura ko ba su lura ba. A ɗakin karatu mukan cika shafuka a kan babban tauraro, mu tattara sauran a sakin layi ɗaya. Taswira tana nuna cewa in ka goge 'yar aike, saurayi da budurwa sun zama ɗigo biyu da babu abin da ya haɗa su, labarin kuma ya tsaya cak.

Da na zo kan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ƙa'idojin nan uku suka fara gazawa. Umar yana ƙarami mijin uwarsa, Makau, ya faɗa makircin fadawa aka kore shi daga gari. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun ƙawarta, aka sace shi. Ƙaddara ta kai shi Kano, daga nan Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Masar, ya yi karatu ya zama malami. Ita kuwa uwar ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, ta ratsa hamada ta Murzuk, ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus, kuma ba ta jima ba ta rasu. In aka bi ƙa'idar haɗuwa a wuri ɗaya ko ta musayar magana, zaren da ke tsakanin uwa da ɗa zai fito siriri, ya gaza wanda ke tsakanin Umar da Abdulkarim, domin kusan duk tsawon littafin a rabe suke. In aka bi ƙa'idar suna kusa da suna, lamarin ya ƙara lalacewa, domin ɗa ne ke ba da labari, ɗa mai tarbiyya kuwa a matsayin uwa yake ambaton uwarsa. Alhali duk mai karatu ya san wannan zaren shi ne ƙashin bayan littafin, shi ne ya ja mace ɗaya daga ƙasar Hausa har bakin tekun Bahar Rum. Rabuwar da ma'auni ya ɗauka rauni ce ita ce ta nuna ƙarfin alaƙar.

Wani zai ce wannan matsalar littafi ɗaya ce, ko ta duk wani labarin rabuwa a kowane harshe. A wurinmu ta wuce haka, domin muna da wata ɗabi'a da ke sa mutanen da ke zaune a gida ɗaya su zama kamar sun rabu, wato kunya. Ban taɓa jin mahaifiyata ta kira babban wanmu da sunansa ba, domin shi ne ɗanta na fari. In tana nemansa sai ta ce da ɗayanmu, "Kira mini yaron nan." In ya shigo ya tsuguna gaishe ta, takan amsa a taƙaice tana kallon wani gefe, kamar wadda aka katse wa aiki. Amma in ya yi tafiya ita ce ba ta runtsawa, ita ce ke aiken mu mu tambayo ko an ji labarinsa, tana yi tana nuna kamar zancen ne kawai ya faɗo. Da wani zai zauna a tsakar gidanmu da takarda yana ƙirga kalmomin da suka shiga tsakanin mutane, da ya rubuta cewa maƙwabciyar da ke shigowa aron turmi ta fi ɗan fari kusa da zuciyarta. Wannan ba halin gidanmu kaɗai ba ne. Baba ta Karo ta bayyana wa Mary Smith irinsa a littafin da aka buga a 1954, kuma har gobe suruki ba ya sakin jiki a gaban surukarsa, mace mai kunya ba ta faɗin sunan mijinta ko na uban mijinta, sai dai Malam, ko Alhaji, ko maigida, ko baban wane. Marubucin da ya san al'adarsa haka yake rubuta su, na'urar da ke ƙirga magana da suna kuwa sai ta zana gidan a kife, zaruruwan da suka fi nauyi su fito sirara.

Akwai kuma masu ƙoƙarin sa wa zare launi, su sa kwamfuta ta ƙirga kalmomin daɗi da na ɗaci da ke tsakanin taurari biyu don a bambance ƙauna da gaba. A nan ma mudun zai zubar mana da hatsi. Kaka tana kiran jikanta mijinta, ta kira jikanyarta kishiya, su yi ta yi wa juna tsiya, tana cewa ba ya ba ta kuɗin cefane, yana cewa ta tsufa zai sake ta. Taubasai suna yi wa juna ba'ar da baƙo zai ɗauka faɗa ce. Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, in sun haɗu a mota kowa bawan ɗan'uwansa ne har a sauka. Duk wannan zagi shaidar aminci ce. A ɗaya gefen kuma ga kishiyoyi biyu, wannan tana cewa sannu da aiki Yaya, waccan tana cewa ina gajiya Amarya, kalmomi masu laushi ɗauke da habaicin da ya fi mari zafi. Na'urar da ta koyi launin zare daga littattafan Ingila za ta shafa wa kaka da jika jan launin gaba, ta shafa wa kishiyoyi koren aminci.

Kafin ma a kai ga zare, gane ɗigon kansa aiki ne. Mutum ɗaya a labarin Hausa yana iya ɗaukar suna uku ko huɗu. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, A'isha ita ce Indo, ita ce Shatu, Hauwa ita ce Kulu, wanda aka sa wa sunan kakansa kuma Abba ne a bakin uwarsa har ya yi furfura. Na'ura za ta yanka mutum ɗaya gida uku, ta raba masa zaruruwansa, ya fito ƙarami alhali shi ne babba. Ta ɗaya fuskar, Alhaji Abdu da Alhaji Abubakar duk Alhaji ne a bakin matansu, sai ta narkar da mutum biyu su zama ɗaya, ta haɗa suruki da surukinsa a jiki guda. Sannan da yawa daga sunayenmu kalmomin yau da kullum ne: Rabi suna ne kuma rabin abu ne, Ado suna ne kuma kwalliya ce, Laraba mace ce kuma rana ce, haka Sani da Abu da Azumi. An fara ƙoƙari a wannan fanni. A 2021 masu bincike na ƙungiyar Masakhane sun fitar da tarin rubutu mai alamun sunaye a harsunan Afirka 10, har da Hausa. Aiki ne abin yabo, sai dai daga labaran jarida aka tattara shi, jarida kuwa tana faɗin cikakken sunan mutum da muƙaminsa. Tsakar gida ba haka take magana ba, ƙagaggen labarinmu kuwa mafi yawansa a tsakar gida yake zaune.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta wuce gardamar malamai shi ne, taswira tana da kwarjini. Sharhin mai sharhi kowa ya san ra'ayi ne, amma zane mai ɗigo da alƙaluma kama yake da hujjar da ba a ja da ita. Littattafanmu suna ta shiga kwamfuta, wasu kuma sun riga sun shiga Ingilishi, kamar Shaihu Umar da Mervyn Hiskett ya fassara a 1967, da littafin Balaraba da Aliyu Kamal ya fassara aka buga a Indiya a 2012. Ba abin mamaki ba ne wata rana wani mai bincike mai kyakkyawar niyya ya zuba su cikin na'ura tare da na wasu al'ummu, ya fito da sakamakon cewa a adabin Hausa uwa ba ta da kusanci da ɗanta, miji da mata baƙin juna ne, kishiyoyi kuwa aminai. Zai faɗa da alƙaluma, wasu su ɗauko daga gare shi, 'ya'yanmu da ke karatu a can su dawo mana da shi a matsayin ilimi. Ƙirgan ba zai zama ƙarya ba, kuskuren yana can baya, a wurin da aka yanke hukuncin abin da ya cancanci a kira shi zare.

Wannan tambaya kuwa ba baƙuwa ba ce a zaurukan karatunmu. Malaman hadisi sun yi ƙarnoni suna bin silsilar masu ruwaya, wane ya ji daga wane, har suka kafa ilimi sukutum na sanin mazajen ruwaya. Sananne ne a wurinsu cewa sharaɗin da ake jinginawa ga Imam Bukhari shi ne a tabbatar masu ruwaya biyu sun haɗu ko da sau ɗaya, Imam Muslim kuwa ya wadatu da cewa sun yi zamani ɗaya kuma haɗuwarsu mai yiwuwa ce. Gardama ce a kan yaushe za a ja zare tsakanin ɗigo biyu, an kuma yi ta fiye da shekara 1000 kafin Moreno. Darasin da suka bar mana shi ne a fara daidaita ƙa'ida kafin a fara ƙirga. Ƙa'idar da za ta dace da ƙagaggen labarin Hausa, a ganina, sai ta ware zare iri-iri: na magana baki da baki, na aike inda saƙo ya bi ta hannun na uku, na kunya inda mutum biyu ke kauce wa juna saboda girman abin da ke tsakaninsu, na wasa, da na bege inda wani ke nema ko tunanin wanda ba ya nan. Na'ura ba za ta ƙirƙiro wannan da kanta ba. Sai mutanen da suka tashi a cikin gidajen nan sun zauna da littattafai sun yi musu alama layi-layi, aikin da ɗaliban Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suka fi kowa cancanta da shi, sannan a koya wa kwamfuta daga abin da suka yi.

In an yi haka, akwai tambayoyin da nake ɗokin jin amsarsu, waɗanda mai karatu ɗaya ba zai iya amsawa ba ko da ya ƙare rayuwarsa yana karatu. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun jera littattafai fiye da 700 na adabin kasuwar Kano da aka buga tsakanin 1987 da 2002, kusan dukkansu kafin wayar hannu ta game gari, tunda sai a 2001 wayar GSM ta shigo Nijeriya. In aka zana taswirorinsu aka ajiye a gefen na littattafan da aka rubuta bayan shekara 20, me ya sami 'yar aike, yanzu da saurayi ke iya shiga har ƙuryar ɗakin budurwa ta waya ba tare da ya bi ta hannun kowa ba? Kaka da gwaggo da kawu suna nan a tsakiyar taswira, ko sun koma gefe? Zaren kunya yana nan da kaurinsa, ko matan littafi sun fara kiran mazajensu da suna? Amsoshin za su ba mu tarihin gidan Bahaushe kamar yadda marubutansa suka gan shi, shekara bayan shekara, daga bakin mutanen da babu wanda ya ɗauke su masu rubuta tarihi.

Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma a wannan gaɓa ya fi masu ƙirga kalmomi dacewa da gaskiya, domin ya auna alaƙa da tafiyar da aka yi dominta. Ranar da aka zana taswirar Shaihu Umar da wannan mudu, zaren da zai fi kowanne kauri shi ne wanda ya ratsa Kano da Murzuk ya ƙare a Tarabulus, sawun matar da ta ƙetare hamada tana neman ɗanta.